Wa ke ba kamfanin asiransi izinin aiki, kuma ina kuɗina in an karɓe izinin?

"Assalamu alaikum. Ina da motocin haya biyu, Hiyas ɗaya tana Maradi zuwa Tasawa, ɗayar kuma tana shiga Katsina ta Ɗan Isa. Asiransina ya kusa ƙarewa. Wani yaro a tasha ya ce zai yi mini takarda da kusan rabin kuɗin da na saba biya, wai kamfaninsu sabo ne. Abokina kuma ya ce ko manyan kamfanonin ma gwamnati tana iya rufe su, don haka duk ɗaya ne, in sayi mai araha tunda don jandarma ake yi. Wa ke ba waɗannan kamfanoni izini? Yaya zan gane mai izini? In kuma an rufe kamfanin da na biya, ina kuɗina?" Daga wani mai mota a unguwar Zariya, Maradi.

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya kiyaye hanya, ya sa albarka a motocin. Abin da kake son sani shi ne ko akwai bambanci tsakanin takardar da ta fito daga kamfani mai izini da wadda yaron nan zai rubuta maka, tunda dai dukansu jandarma zai duba ya ce ka wuce. Na daɗe ina aiki a ofishin wakilcin asiransi a nan Maradi, kuma yawancin zamana a teburin biyan diyya ne, inda mutum ke zuwa bayan abu ya riga ya faru. Daga wannan kujerar zan amsa maka.

Dalilin da hukuma ta sa ido

Mai sayar da gero a kasuwa, kana ganin geron, ka sa hannu a buhu, sannan ka biya. Kamfanin asiransi kuwa kuɗinka yake karɓa yau, abin da ya ba ka alkawari ne kawai, kuma ba za ka san ko zai cika ba sai ranar da motarka ta buge mutum, wataƙila bayan wata goma. Wannan juyin shi ne tushen dukan dokokin da zan ambata. Kamfani yana iya mutuwa ta ciki shekaru kafin kowa ya gane, domin kuɗi suna shigowa kullum. Sai ya riƙa biyan hatsarin bara da kuɗin bana, yana ja wa masu diyya rai, ofis yana sheƙi, shugabanni suna shiga manyan motoci, alhali bashin da ke kansa ya fi abin da ya mallaka.

Akwai kuma wanda abokinka ya manta da shi. Asiransin dole na mota, wanda aya ta 200 ta dokar asiransi da Nijar ke bi ta wajabta, ba don motarka aka yi shi ba. Don yaron da zai tsallaka titi a Tibiri aka yi shi, da matar da ta shiga Hiyas ɗinka za ta Tasawa. Su ba su zaɓi kamfani ba, ba su ga takarda ba, amma su ne za su kwana asibiti. In babu wanda ya bincika aljihun mai alkawarin, su ne farkon waɗanda za su tashi a tutar babu, kai kuma ka biyo baya, domin kotu kanka za ta dawo.

Masu riƙe da izinin

A Nijar izinin bai tsaya a hannun gwamnatin Yamai kaɗai ba. Ranar 10 ga Yulin 1992, a Yawunde, ƙasashen Afirka masu amfani da kuɗin sefa suka sa hannu kan yarjejeniyar da ta kafa ƙungiyar CIMA, mai kula da harkar asiransi a tsakaninsu, kuma dokarta ta fara aiki ranar 15 ga Fabrairun 1995. Ƙasashe 14 ke ciki, har da Nijar, Mali, Burkina Faso, Benin, Togo, Senegal, Cadi da Kamaru, babban ofishinta kuma yana Libreville a Gabon. Doka ɗaya ce ke aiki a dukansu. Abin da aka ɗora wa kamfani a Dakar shi aka ɗora wa na Yamai.

Cikin CIMA akwai hukumar bincike, CRCA. Duk mai son buɗe kamfanin asiransi zai kai takardunsa ma'aikatar kuɗi, su wuce zuwa wannan hukuma. Ministan kuɗi ne ke sa hannu a kan izinin, amma ba ya iya sa hannu sai hukumar ta ce ta amince. In ta ce a'a, magana ta ƙare. A ganina wannan shi ne mafi amfanin abin da aka yi a 1992. Mai bincike na cikin gida yana jin nauyin rufe kamfanin da mai shi abokin manya ne, ko kamfanin da gwamnati ke da hannun jari a ciki. Hukumar da ke zama da wakilan ƙasashe da yawa ba ta cika jin wannan nauyin ba. A Yamai kuma akwai sashen kula da asiransi a ma'aikatar kuɗi, shi ne idon hukumar a cikin ƙasa, kuma shi ke karɓar koke.

Abin da ake dubawa kafin a amince yana da yawa. Ana duba su wa za su shugabanci kamfanin, da iliminsu, da ko kotu ta taɓa kama su da zamba. Ana duba tsarin aikinsu na shekaru ukun farko, da farashin da za su sa, da wane babban kamfani ne zai raba nauyin da su in asara ta yi yawa, irin CICA-RE da ke Lome ko Africa Re da ke Legas. Izinin kuma ba na kowane abu ba ne, reshe-reshe ake ba da shi: mota, gobara, jigilar kaya, rashin lafiya. Kamfanin da ke asiransin rai ba ya taɓa na mota, dole a kafa wani kamfani daban. Shi ya sa za ka ga suna ɗaya a allo biyu a Yamai, ɗaya na rai, ɗaya na dukiya.

Sai jari. A 2007 an kai mafi ƙarancinsa miliyar 1 na sefa, wato miliyan dubu. A Afrilun 2016 ministocin CIMA suka ɗaga shi zuwa miliyar 5. Tsoffin kamfanoni an ba su mataki biyu, su kai miliyar 3 a 2019 sannan su cike, kuma an ɗage wa'adin mataki na biyun saboda da yawa sun kasa. To ka auna wannan da maganar yaron. Sabon kamfani mai sayar da asiransin mota, wanda aka zuba wa miliyoyin dubbai, aka buga izininsa a jaridar gwamnati, ba zai zama sirrin yaro ɗaya a tasha ba. Da ka ji shi a rediyo, ka ga allonsa a bakin titi kamar yadda kake ganin na Leyma, CAREN, NIA ko SUNU.

Ni dai ban ɗauki jari a matsayin babban ma'auni ba, ko da yake shi aka fi yayatawa. Abin da ke kashe kamfani biyu ne. Na farko, ya ƙi ware isassun kuɗi don hatsarin da ya riga ya faru amma ba a gama biya ba. Doka ta ce a ƙiyasta kowane fayil, a ajiye dukiyar da ta kai adadin, a banki ko takardun bashin gwamnati ko gidaje, kuma wannan lissafin ne masu bincike suka fi tonawa in sun zo. Na biyu shi ne bashi. A da ana ba mutum takarda ya ce zai kawo kuɗi bayan kasuwa, kamfanoni suka tara bashin da ba zai taɓa dawowa ba suna rubuta shi a matsayin dukiya. A 2011 aka gyara aya ta 13: in ba a biya ba, asiransin mota bai fara aiki ba. Alhazai da yawa sun ji haushinmu a lokacin, suna ganin rashin mutunci ne a hana su lamuni, amma gyaran ya tsare kuɗin da ake biyan diyya da su.

Maganar rabin kuɗi

Nan ne na fi son ka tsaya. Asiransin dole na mota yana da farashin ƙasa wanda hukuma ta amince da shi ga kowace ƙasa, kuma aya ta 212 ta hana kamfani sauka ƙasa da shi. Kamfanoni suna iya bambanta a kan ƙarin abubuwa, kamar gobara, sata ko fashewar gilashi, amma ba wanda zai raba kuɗin dolen gida biyu ya zauna lafiya da masu bincike. Saboda haka in an ce maka rabi, ɗaya daga cikin abu uku ne.

Ko dai takardar jabu ce, an buga ta a kwamfuta da sunan kamfanin da babu shi ko da tambarin na gaske. Ko takardar ta gaske ce amma an fitar da ita ta bayan gida, kuɗin suka tsaya a aljihun wani, lambarta ba ta shiga rajistar kamfani ba. Ko kuma, wanda na fi gani, kamfanin na gaske ne, takardar ma ta gaske ce, amma an rubuta motar a ajin da ba nata ba. Hiyas mai ɗaukar fasinja sai a rubuta ta motar gida, ko a rage yawan kujeru, ko a ce maka na wata shida ne a yi na wata uku. Mai mota ba ya karanta Faransanci, ya ga hatimi ya sa a aljihu. Jandarman da ke bakin hanya sau da yawa kwanan wata da lambar mota yake dubawa, sai ya ce a wuce. Ranar hatsari kuwa fayil ɗin gaba ɗaya ake buɗewa. In aka ga an faɗi abin da ba haka ba, ko dai kamfani ya ce yarjejeniyar ta ɓaci tun farko, ko ya biya waɗanda suka ji rauni sannan ya juyo kanka ya nemi kuɗinsa.

Wani mai mota ya taɓa zuwa teburina da irin wannan takarda bayan motarsa ta kife a hanyar Gidan Rumji, fasinjoji sun karye. Sunan kamfaninmu ne a kai, amma lambar ba ta cikin littafinmu, ba ta cikin na Yamai. Wanda ya sayar masa ya kashe waya. Mutumin kirki ne, bai yi niyyar cutar kowa ba, ya ce mini shekara da shekaru yana saye a hannun yaron kuma ba a taɓa tsayar da shi ba. Gaskiya ya faɗa, ba a taɓa tsayar da shi ba. Sai da ya sayar da ɗayar motarsa da fili kafin ya sallami iyalan mutanen.

Yadda za ka bincika ba wuya. Ka je ofishin kamfanin da ƙafarka, manyan suna da wakilci a Maradi. In ta hannun wani za ka saya, to ka sani mai sayarwar ma yana da nasa izinin. Babban wakili yana aiki ne da sunan kamfani ɗaya, kamfanin ne ya naɗa shi. Dillalin asiransi kuwa, wanda ke haɗa ka da kamfanoni daban-daban, sai ministan kuɗi ya ba shi izini, ya ajiye jinginar da ba ta gaza miliyan 10 ba, sunansa kuma yana cikin jerin da ma'aikatar ke riƙewa. Masu yawo da takardu a madadinsu suna da katin sana'a, ka ce a nuna maka. Bayan ka biya, kada ka tashi da ƴar takardar nan ta nuna wa jandarma kaɗai. Ka karɓi kitansi mai sunan kamfani, da takardar yarjejeniya, ka sa wanda ya iya karatu ya duba maka abu huɗu: lambar mota daidai da kartigiris, aikin motar an rubuta jigilar fasinja, yawan kujeru, da ranar farawa da ƙarewa. In zuciyarka ba ta kwanta ba, ka buga wa babban ofishin kamfanin a Yamai, ka karanta musu lambar takardar. Mai gaskiya ba zai ji haushin haka ba.

In an karɓe izinin

Abokinka bai yi ƙarya ba da ya ce ana rufe kamfanoni, an sha yi a ƙasashen CIMA. Sai dai ba dare ɗaya ake yi ba. Hukumar tana fara da gargaɗi, sai tsawatarwa, ta nemi tsarin gyara da ƙarin jari cikin wa'adi. Tana iya hana kamfani sayar da wani reshe, ko ta hana shi taɓa dukiyarsa, ko ta sauke shugabanninsa ta sa mai riƙon ƙwarya. Tana kuma iya mayar da yarjejeniyoyinsa hannun wani kamfani mai lafiya, wanda shi ne mafi sauƙi ga mai mota, domin takardarka tana ci gaba da aiki. Karɓe izini shi ne matakin ƙarshe.

In an kai nan, kamfanin ya rushe, kotu ta naɗa wanda zai tattara dukiyarsa ya biya masu binsa. Takardar motarka ba ta mutuwa nan take: tana aiki har tsakar rana ta 40 bayan an buga sanarwar a hukumance. An bar wannan tazarar don ka samu ka sayi wata. Kuɗin watannin da suka rage maka sun zama bashi a kan kamfanin, ka rubuta ka kai wa mai tattara dukiyar tare da kitansinka. Doka ta ba masu asiransi da masu jiran diyya fifiko a kan sauran masu bin bashi. Amma ba zan ɓoye maka ba, ana daɗewa, kuma in dukiyar ba ta kai ba, kashi ake samu, ba duka ba.

Duk da haka ba ɗaya ba ne. Kamfani mai izini da ya faɗi ya bar gidaje, asusun banki, kamfanonin da suka raba nauyi da shi, da alƙali mai kula da rabon. Yaron tasha in ya ɓace, lambar waya kawai ya bar maka. Kuma kamfani mai ciwo yana nuna alama tun da wuri. Kafin ka sabunta, ka tambayi ƴan sandikar direbobi wane kamfani ne ke biya, wane ne ke cewa a dawo mako mai zuwa har shekara ta zagayo. Su sun fi kowane allo sanin wannan.

Izini kuma ba ya nufin za a biya ka da sauri, wannan ma gaskiya ce da nake gani kullum. Wani jinkirin laifin kamfani ne, wani na mai mota. A yi konsta, wato rahoton hukuma, a wurin hatsari ko da an ce a sasanta, ka sanar da kamfani cikin kwana biyar na aiki, kuma kowace takarda ka kai a buga maka hatimin karɓa a kan kwafinka. Dokar ta sa wa kamfani wa'adin gabatar da tayin diyya ga wanda ya ji rauni, in ya wuce akwai tara a kansa. In an yi maka shiru, ka rubuta wa sashen asiransi na ma'aikatar kuɗi, kamfanoni suna jin tsoron wasiƙar da ta fito daga can. Kada ka bari abin ya kwana, domin haƙƙinka na kai kamfaninka ƙara yana faɗuwa bayan shekara biyu.

Na san wasu a garin nan suna sayen mafi araha ne don zuciyarsu ba ta kwanta da asiransi ba ta fuskar addini, suna ganin kuɗin banza ne ko yaya. Hukuncin wannan na malamai ne, ba nawa ba. Abin da zan iya faɗa shi ne CIMA ta fitar da dokar takaful a 2019, wato asiransin taimakon juna bisa tsarin Musulunci, kuma shi ma sai da izinin hukumar ake yin sa. Duk wanda ya zo maka da sunan takaful, tambayar izini tana nan a kansa.

Motar Katsina

Najeriya ba ta cikin CIMA. Tana da hukumarta, NAICOM, wadda aka kafa a 1997, ita ke ba kamfanonin inshora na can lasisi. Tun Janairun 2023 kuɗin asiransin dole na ƙaramar motar gida a can naira 15,000 ne, kuma in aka juya shi sefa sai ya ba mutum sha'awa. Amma aya ta 308 ta hana a yi wa abin da ke Nijar asiransi a kamfanin da ba shi da izini a Nijar. Motarka mai lambar Maradi, in ta buge mutum a Madarumfa, takardar Katsina ba za ta tsaya maka ba, ko da kamfanin da ya ba da ita na gaske ne a ƙasarsa.

Haka nan takardarka ta nan ba ta isa ita kaɗai bayan Jibiya. Don wannan aka kafa katin ruwan ƙasa na CEDEAO a 1982, wanda direbobi ke kira kart burun, kuma a hannun kamfaninka na gida ake karɓarsa, ba a bakin iyaka a hannun masu jaka ba. Nijar ta fita daga CEDEAO a Janairun 2025. Wannan bai shafi izinin kamfanoni ba, tunda CIMA ƙungiya ce daban, amma ya isa dalilin da zai sa kada ka dogara da yadda aka saba. Ka sa kamfaninka ya nuna maka a rubuce ƙasashen da asiransin motar ya ƙunsa, da ofishin da direbanka zai kira in abu ya faru a Katsina.

Takardar yaron kuwa ban gan ta ba, don haka ba zan ce maka ɓarawo ne ba. Yana yiwuwa ɗan aiken wani dillali ne mai izini, shi kansa bai san ajin da ake rubuta motoci ba. Ka ce ya faɗa maka sunan kamfanin, ya nuna katinsa, ku tafi ofishin tare ka biya a can, a rubuta motar a matsayin ta haya da kujerunta cif. In farashin ya tsaya a rabi bayan an yi haka, ka kawo mini takardun in duba kafin motar ta ɗauki fasinja.